Christian Pelras da Mutanen Bugis: Wane Ne Shi, Kuma Har Ina Za a Dogara da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun tarihi, ina shirya takarda a kan yadda Musulunci ya shiga tsibiran Indonesiya. Duk littafin da na buɗe a kan mutanen Bugis na tsibirin Sulawesi sai na tarar an jingina magana ga wani Bafaranshe mai suna Christian Pelras. Wane ne shi, yaya aka yi Bafaranshe ya zama madogara a kan ƙasar da Turawan Holan suka mallaka, kuma har ina zan iya dogara da abin da ya rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Christian Pelras masanin al'adun al'ummomi ne, an haife shi a 1934, ya rasu a 2014, kuma ya yi rayuwarsa ta aiki a hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Faransa, wadda aka sani da CNRS, har ya kai matsayin daraktan bincike. Za ka iya dogara da shi ƙwarai a kan abin da ya gani da idonsa, da kuma tarihin Bugis daga ƙarni na 16 zuwa zamaninmu, amma sai ka yi hattara da shekarun da ya sanya wa zamanin da ya gabaci 1300. Dalilin wannan rarrabewa yana cikin yadda aikinsa ya gudana, don haka sai na bi da kai ta nan.

Mamakin da ka yi yana bisa hanya. Ilimin Turawa game da waɗannan tsibirai gadon Holan ne, kuma har yau mafi yawan tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Bugis da ke Turai suna birnin Leiden. Su Faransawa hankalinsu yana kan ƙasashen da suka mallaka a babban yankin, wato Biyetnam da Kambodiya da Lawos. Abin da ya sauya lamarin shi ne siyasa. A ƙarshen 1957 gwamnatin Sukarno ta kori dubban 'yan Holan saboda rikicin yammacin tsibirin Niyu Gini, a 1960 kuma ta yanke hulɗar jakadanci da Holan ɗin gaba ɗaya. A shekarun da suka biyo baya fagen bincike ya buɗe wa Amurkawa da 'yan Ostareliya da wasu tsirarun matasan Faransawa, kuma Pelras yana cikin na farkonsu. Ya fara zuwa Indonesiya a farkon shekarun 1960, kuma rubutunsa na farko da ya fito a 1962 a kan saƙar mutanen tsibirin Bali ne. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin ilimin al'adu na Faransa a wancan lokaci, musamman a gidan adana kayan tarihin ɗan Adam da ke Paris inda André Leroi-Gourhan yake da tasiri, yana koya wa ɗalibi ya fara da abin da hannu yake yi: yadda ake ɗaura zare a masaƙa, yadda ake kafa dirkar gida, yadda ake haɗa katakon jirgi. Wannan tarbiyya ba ta rabu da Pelras ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma ita ce ta sa surorinsa a kan gida da saƙa da ƙira da noma suka fi na sauran marubuta ƙwari.

Akwai wani mataki na rayuwarsa da masu karatun Indonesiya sukan tsallake, ni kuwa ina ganin shi ne mabuɗin fahimtarsa. Kafin ya san Bugis, ya yi bincike a ƙasarsa ta Faransa. A 1961 gwamnatin Faransa ta ƙaddamar da wani babban bincike a garin Plozévet da ke yankin Bretagne, can ƙuryar yammacin ƙasar, inda masana kusan ɗari daga fannoni dabam-dabam suka yi wa gari guda rubdugu. An ba Pelras wani ƙaramin ƙauye da ke kusa, mai suna Goulien, ya zauna a cikinsa daga 1962 zuwa 1964, kuma da shi ya rubuta kundin digirinsa. Mutanen Goulien manoma ne da ke zaune a gefen teku, suna da harshensu na Breton wanda ba Faransanci ba ne, suna riƙe da addinin Katolika, kuma zamani yana kutso musu da injinan noma da hijirar matasa zuwa birane. Wanda ya fara koyon sana'arsa a kan mutanen ƙasarsa, masu iya karanta abin da ya rubuta a kansu su tare shi a hanya su ƙaryata shi, ba ya zuwa wata ƙasa daga baya da tunanin cewa ya je kallon mutanen da zamani ya bari a baya. Da irin idon da ya kalli Goulien ya kalli Bugis, wato a matsayin al'umma mai tarihi wadda ke sauyawa a gaban mai kallonta.

Ya fara hulɗa da Bugis a 1967, cikin 'yan ci-raninsu da ke jihar Johor ta Malesiya, sannan a 1968 ya isa ƙasarsu ta asali, wato zirin kudu maso yammacin tsibirin Sulawesi. Ka lura da shekarar. Tun 1950 yankin yake cikin tawayen Kahar Muzakkar, wanda daga baya ya haɗe da ƙungiyar Darul Islam, kuma ba a kashe shi ba sai a watan Fabrairun 1965. Shekara 15 ke nan ƙauyuka suna tsakanin 'yan tawaye da sojoji, an ƙone gidajen sarauta, an lalata wuraren tsafi na gargajiya, mutane da yawa sun yi ƙaura zuwa Sumatra da Borneo da Malesiya. Pelras ya iso a daidai lokacin da hanya ta buɗe, alhali tsofaffin da suka yi wayo a ƙarƙashin sarakunan gargajiya, wasunsu ma tun kafin Holan ta ci yankin da yaƙi a 1905 zuwa 1906, suna nan da ransu. Wanda ya zo bayansa da shekara 20 bai tarar da su ba. Ya fara da ƙasar Wajo, mai hedikwata a Sengkang kusa da tafkin Tempe, kuma daga nan ya riƙa komawa Sulawesi a kai a kai na tsawon shekaru kusan 40.

Abin da ya ba shi wannan dama shi ne tsarin CNRS, inda ake ɗaukar mai bincike aiki na dindindin ba tare da an ɗora masa nauyin koyarwa na kullum ba. Masu karatu daga Nijar sun san irin wannan tsari, domin shi ne ya ba Guy Nicolas damar daɗewa a kan Hausawan Maraɗi, ya ba Nicole Echard damar aikinta a ƙasar Adar. A 1971 Pelras da masanin tarihi Denys Lombard da masanin harshe Pierre Labrousse suka kafa mujallar Archipel a Paris, wadda har yanzu take fitowa, kuma a fitowarta biyu na farko aka buga nazarinsa a kan darajoji da mulkin gargajiya na Wajo. Zama da Lombard ya ƙara jan shi zuwa tarihi, har ya koma yana bin rahotannin Turawan Fotugal na ƙarni na 16 da littattafan sarauta da Bugis suka rubuta da haruffansu na lontara. Sakamakon wannan doguwar tafiya shi ne littafin The Bugis, wanda kamfanin Blackwell ya buga da Ingilishi a 1996, kuma shi ne kake ta cin karo da shi.

Babban abin da littafin ya gyara shi ne sunan da Bugis suka yi a duniya. Idan ka tambayi Bature, ko ma ɗan Jakarta, zai ce maka Bugis mutanen teku ne tun fil azal, matuƙa jiragen ruwa kuma 'yan fashin teku. Pelras ya nuna cewa mafi yawansu, jiya da yau, manoman shinkafa ne, kuma manyan masarautunsu irin su Bone da Wajo da Soppeng da Sidenreng a kan fadamun shinkafa suka ginu. Shaharar da suka yi a teku ta zo ne a makare, bayan yaƙin Makassar na 1666 zuwa 1669, lokacin da kamfanin Holan ya haɗa kai da Arung Palakka na Bone suka karya masarautar Gowa ta Sultan Hasanuddin. Wajo ta goyi bayan Gowa, ta sha horo mai tsanani, fatakenta suka watsu cikin tsibirai. Daga baya shugaban fataken Wajo a Makassar, Amanna Gappa, ya tsara dokokin sufuri da kasuwancin teku, a ƙarni na 18 kuma zuriyar Bugis suka riƙe madafun iko a Riau da Johor, suka kafa gidan sarautar Selangor da ke mulki har yau. Turawan da suka rubuta labarinsu a ƙarni na 19 a tashoshin ruwa irin su Singafo suke ganinsu, sai suka ɗauka duk Bugis haka suke, kuma sukan kira duk wani matuƙi daga Sulawesi da wannan suna ko da mutumin Makassar ne ko Mandar ko Bajo. Hatta jirgin pinisi mai tafiya da iska, wanda ya zama tambarin Bugis a idon baƙi, bai bayyana da siffarsa ta yanzu ba sai wajen 1900, kuma mashahuran masu sassaƙa shi mutanen Ara da Tana Beru ne, masu magana da harshen Konjo, wanda ya fi kusa da Makassar. Wannan magana ba ta yi wa wasu Bugis daɗi ba, don kowa yana son kirarinsa, amma hujjojinta sun tsaya.

Ya kuma yi bayani mai gamsarwa a kan wani abu da ke rikitar da baƙo, wato yadda al'umma mai tsananin kula da darajar haihuwa take kuma cike da gasa da neman ɗaukaka. Sarakuna suna da'awar farin jini da suka gada daga waɗanda aka ce sun sauko daga sama, ana kiransu tomanurung, kuma ana auna darajar mutum da yawan wannan jini ta wajen uwa da uba. Duk da haka attajiri ko jarumi yana iya auren wadda ta fi shi daraja idan ya biya abin da ya kamata, 'ya'yansa su hau sama da shi. Abin da ke riƙe da tsarin a aikace shi ne dangantakar ubangida da yaransa, wadda Bugis ke kira ajjoareng da joa', inda yaro yake da 'yancin barin ubangidan da ya kasa kare shi ya koma wa wani. A Wajo ma zaɓen babban sarki ake yi, kuma mata sun hau gadon sarautar Bone fiye da sau ɗaya.

Yanzu ga abin da ya shafi takardarka kai tsaye. A 1985 Pelras ya buga wani nazari a Archipel a kan musuluntar kudancin Sulawesi, kuma tambayar da ya fara da ita ita ce ta dace ka fara da ita: me ya sa aka daɗe? Fataken Malayu Musulmi suna zaune a Makassar tun tsakiyar ƙarni na 16, Ternate da ke gabas ta musulunta tun ƙarni na 15, a 1544 ma sarakunan Suppa da Siang sun karɓi baftisma a hannun ɗan kasuwar Fotugal António de Paiva, ko da yake abin bai ɗore ba. Amma sarakunan yankin ba su karɓi Musulunci ba sai 1605, lokacin da sarkin Luwu ya yi shahada, sannan na Tallo da Gowa suka biyo baya a shekarar. Daga nan Gowa ta kira sauran masarautu, waɗanda suka ƙi ta yaƙe su: Sidenreng da Soppeng suka shiga a 1609, Wajo a 1610, Bone a 1611. Amsar Pelras ita ce, masu mulki sun san Musulunci sarai, kuma sun gane cewa addinin da ya daidaita bayin Allah yana barazana ga sarautar da ta dogara da zuriyar alloli. Sun karɓe shi ne lokacin da suka ga hanyar da za su riƙe darajarsu a cikinsa. Ya jawo hankali ga abin da al'adar yankin take faɗa game da malamai uku da suka zo daga ƙasar Minangkabau ta Sumatra: Dato ri Patimang ya je Luwu, cibiyar tsohon addini, ya fara da tauhidi, yana ginawa a kan sanin da suke da shi na Ubangiji guda da suke kira Dewata Seuwae, Dato ri Bandang ya karantar da shari'a a Gowa, Dato ri Tiro kuma ya bi hanyar sufanci a yankin Bulukumba. Daga baya aka shigar da shari'a, wadda suke kira sara', a matsayin rukuni na biyar na tsarin al'adarsu, kuma muƙaman alƙali da liman suka zama na 'ya'yan sarauta.

Abin da na fi yaba masa a nan shi ne bai ɗauki 1605 a matsayin ƙarshen labari ba, kuma bai faɗa ramin da Turawa da yawa suka faɗa ba, na cewa Musuluncin mutanen tsibirai fenti ne kawai a kan maguzanci. Ya nuna musulunta a matsayin aiki mai ci gaba, wanda kowane ƙarni yake da masu tura shi gaba. Sarkin Bone La Maddaremmeng, wanda ya hau mulki a 1631, ya nemi aiwatar da shari'a sosai, ya hana tsafi, ya umarci a 'yanta bayi, sai manyan ƙasarsa har da mahaifiyarsa suka juya masa baya, Gowa ta mara musu ta ci shi da yaƙi. A ƙarni na 20 ƙungiyar Muhammadiyah ta shigo da kiran gyara, a 1930 kuma Shaihi Muhammad As'ad ya kafa makarantarsa a Sengkang, wadda ta yaye malaman da suka cika yankin. A gefe guda Pelras ya rubuta abin da ya gani na ragowar tsohon addini, ciki har da bissu, bokayen fada masu shigar mata da ke kula da kayan sarauta, waɗanda aka farauta a lokacin tawaye da bayansa. Ka tuna cewa shi ba malamin addini ba ne, ba kuma hukunci yake yankewa ba. Yana ba ka labarin abin da mutane suke yi da abin da suke faɗa, kuma a wannan fage mai gaskiya ne, ba ya ƙari don ya burge mai karatu.

Inda ya yi tuntuɓe shi ne La Galigo. Wannan doguwar waƙar labari ce ta Bugis, mai tafiya a kan ma'aunin gaɓa biyar-biyar, tana ba da labarin saukowar alloli zuwa duniya da tafiye-tafiyen jaruminta Sawerigading, kuma tana cikin mafiya tsawon ayyukan adabi a duniya, domin ana ƙiyasta ta da baiti kusan 300,000 idan aka haɗa sassanta. Kwafi mafi girma, mai juzu'i 12, wata basarakiya mai suna Colliq Pujié ce ta tattara wa Baholande B. F. Matthes a tsakiyar ƙarni na 19, yana Leiden, kuma hukumar UNESCO ta sanya La Galigo cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 2011. Pelras ya san wannan waƙa fiye da kusan kowane Bature na zamaninsa, ya kuma ƙaunace ta, kuma ina ganin ƙaunar ce ta rinjaye shi. Ya yarda cewa labarin almara ne, amma ya ɗauka cewa duniyar da take siffantawa hoton wani zamani ne na haƙiƙa, wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, lokacin da masarautun Bugis na Luwu da Cina suke mulki ta hanyar kasuwancin teku, sannan aka shiga zamanin hargitsi da littattafan sarauta ke cewa mutane sun riƙa cin juna kamar kifi, kafin masarautun da muka sani su taso. Bahaushen da ya san muhawarar masana a kan labarin Bayajidda zai gane irin matsalar nan take.

Littafin bai daɗe da fitowa ba sai masu haƙar kufai suka gwada wannan ra'ayi a ƙasa. A 1998 da 1999 David Bulbeck da Ian Caldwell suka jagoranci bincike a Luwu da kwarin kogin Cenrana, suka buga sakamakonsa a 2000. Tsingaron tangaran na Sin da Biyetnam da Tailan, wanda ake iya sanin shekarunsa, ya nuna cewa zaman Bugis a Luwu bai fara ƙarfi ba sai wajen 1300, kuma arzikinta ya dogara da ƙarfen da ake samu a kewayen tafkin Matano. Ba a ga alamar wata babbar daula kafin nan ba, ba a kuma ga giɓin da zamanin hargitsi ya kamata ya bari ba. Caldwell ya riga ya nuna cewa rubutu ya fara a yankin wajen 1400, saboda haka salsalar sarakuna ba ta iya kai mu baya da nisa fiye da 1300. Ra'ayin da ya fi rinjaye yanzu shi ne masarautun sun taso ne daga bunƙasar noman shinkafa bayan 1300, wanda kasuwanci da waje ya zaburar. Abin lura shi ne wannan sakamako ya ƙarfafa maganar Pelras ta cewa Bugis manoma ne, ya rushe maganarsa ta zamanin La Galigo. A kan noma ido da ƙafa ya yi aiki da su, a kan zamanin da kuwa waƙa ya saurara.

Bai kamata ka ɗauka shi kaɗai ya yi aikin ba. Masana 'yan ƙasa irin su Mattulada da Andi Zainal Abidin sun yi rubutu mai zurfi a kan al'ada da dokar Bugis, kuma Pelras ya amfana da su, ya ambace su. Abin da ya sa sunansa ya fi yawo shi ne ya haɗa komai a littafi guda cikin harshen da duniya ke karantawa. A 2001 ya fitar da littafi a kan Goulien, bayan ya koma ƙauyen ya duba abin da shekaru kusan 40 suka yi masa, a 2006 kuma aka buga The Bugis da harshen Indonesiya a Jakarta da sunan Manusia Bugis, bayan ya sake dubawa ya yi gyare-gyare da ƙari, ta yadda Bugis da ƙidayar 2010 ta nuna sun haura miliyan 6 za su iya karanta abin da aka faɗa a kansu.

Game da takardarka, fara da nazarin 1985, wanda aka rubuta da Ingilishi, sannan ka karanta surorin The Bugis da suka shafi ƙarni na 16 da na 17 don ka san masarautun da abin da ke tsakaninsu. Shekarun musulunta daga 1605 zuwa 1611 za ka iya kawo su kai tsaye, domin littattafan sarautar Gowa da Tallo da na Bugis sun tabbatar da su. Labarin malamai uku kuwa ka kawo shi kamar yadda shi ma ya kawo shi, a matsayin abin da al'adar yankin ta riƙe. Idan kana son siffanta addinin Bugis kafin Musulunci, ka yi amfani da bayaninsa na La Galigo don sanin allolin da suka yi imani da su da yadda suka ɗauki sarauta, amma duk shekarar da ka gani a bugun 1996 wadda ta gabaci 1300, ka gwada ta da abin da Bulbeck da Caldwell suka samu kafin ka sa ta a takarda.